Yadda na sayi safar hannu ta hawan ƙanƙara, daga gwanjon Bauchi zuwa shagunan Sikotland

Ɗalibanmu na Bauchi da Gombe da ke tafiya karatu Sikotland sukan shiga ƙungiyoyin hawan dutse na jami'o'insu, musamman waɗanda tun a gida suka saba da duwatsun Dass ko na Kaltungo. Idan hunturun can ya kankama, daga wajen Disamba zuwa Maris, hawan yakan koma kan ƙanƙara, sai a turo wa mutum takardar kayan da zai tanada. Gatarin ƙanƙara da hular kwano da ƙarafa masu haƙora na ƙasan takalmi, duk ƙungiya tana ba da aronsu, ko a ɗauka haya. Safar hannu kuwa kowa tasa yake saya. A takardar da aka turo mini ina Bauchi, layi ɗaya tak aka rubuta a kanta, wai a zo da aƙalla ƙafa uku, wato dama da hagu sau uku. Ba a faɗi iri ba, ba a faɗi dalili ba. Zan bi muku yadda abin ya kasance daki-daki, don wanda zai biyo baya ya san inda zai sa kuɗinsa.

Wurin tela na fara zuwa, kuma duk mai shirin tafiya ya fara da nan, don ba a biyan ko sisi. A ɗauki tef ɗin awo a zagaya tafin hannun da ka fi aiki da shi, daidai kan gaɓoɓin tushen yatsu, ban da babban yatsa, hannu a buɗe. Sannan a auna tsawo daga ƙarshen yatsan tsakiya zuwa layin wuyan hannu. A tsarin awon Turai lambar safa tana bin faɗin zagayen ne da inci: lamba 8 milimita 203, lamba 9 milimita 229, lamba 10 milimita 254. Nawa ya faɗa a kan 9. Telan ya rubuta mini a bayan wata takarda yana cewa, "Malam, yau na ga sabon abu, ana awon hannu kamar za a ɗinka masa riga." Ka riƙe lambobin nan biyu a wayarka. Ba su ne za su yanke hukunci ba, amma suna rage maka yawan gwaji a shago.

Daga nan sai gwanjo. Na zagaya kasuwannin Wunti da Muda Lawal a lokacin da ake kwance dilolin kayan sanyi, kuma gaskiya akwai safar hannu jingim. Mafi yawa ta 'yan acaɓa ce da ta saƙa, sai ɗaiɗaikun manya masu kauri na wasan zamiya a dusar ƙanƙara. Waɗannan manyan su ne ke jan ido, don da ka zura hannu za ka ji ɗumi nan take. Amma sanyinmu na hunturu busasshe ne, ba ya daskarar da ruwa, saboda haka ɗumin da ka ji a rumfa bai gaya maka komai ba game da ranar da safar za ta jiƙe. A cikin irin wannan safa akwai wata siririyar fata ta roba tsakanin waje da ciki, ita ce ke tare ruwa, kuma idan ta tsufa tana tsattsagewa ba tare da an gani daga waje ba. Gwajinta mai sauƙi ne: ka hura iska a ciki, ka murɗe bakin, ka matsa kusa da kuncinka. In ka ji iska na fita ta tsakanin yatsu, ruwa ma ta nan zai shiga. Wani dattijo mai rumfa da na yi wa bayanin inda zan je ya ce, "Ɗana, in dai ruwa da ƙanƙara ne, kada ka dogara da waɗannan, ɗauki 'yan ƙananan na ciki kawai." Shawararsa daidai take. Abin da ya cancanci saye a gwanjo shi ne siraran safa na ulu ko na zaren roba mai laushi, waɗanda ake sawa a tafiyar ƙafa kafin a isa gindin dutse. Na auduga ka bar su ko da kyauta ne, don auduga tana shan gumi ta riƙe, ta kuma sanyaya yatsu. In kana shakkar zaren, zare ɗan sili ka kusantar da ashana. Ulu yana warin ƙonannen gashi ya murƙushe, auduga tana warin takarda, zaren roba kuma yana narkewa ya dunƙule.

Na so in yi oda ta intanet tun ina gida, sai na fasa bayan na yi lissafi. Kuɗin aikowa da na kwastan suna iya kusan kamo kuɗin safar, ga shi in ba ta yi daidai ba babu hanyar mayarwa. Babbar matsalar ma ita ce lamba 9 ta wannan kamfani ba ita ce 9 ta wancan ba. Wani yatsunsa dogaye ne sirara, wani gajeru masu faɗi. Wanda ya riga ya isa Birtaniya yana da sauƙi, don dokarsu ta ba mai saye ta intanet kwana 14 ya fasa ciniki bayan kaya sun iso. Duk da haka sayen farko a shago ya kamata a yi shi, da hannu a ciki.

Shagon farko da na shiga a Gilasgo babba ne, mai hawa-hawa, kuma ranar Asabar ce, jama'a maƙil. A ƙasa, wurin riguna da huluna, akwai bango guda cike da safar hannu, amma yawancinsu na yawo ne da na zamiya. Na hawan ƙanƙara suna can sashen igiyoyi da gatura. Ka wuce can kai tsaye, ka nemi a haɗa ka da ma'aikacin da shi kansa yake hawa da hunturu, ko da za ka jira. Na jira ya gama da masu gwada takalma, jiran ya ɗan yi tsawo har na fara tunanin ɗaukar wadda ta fi tsada in tafi, amma jiran ya biya. Bai tambaye ni nawa ne a aljihuna ba. Tambayarsa ta farko ita ce a ina zan hau, ta biyu kuma ni zan ja gaba ko bin wani zan yi. Da na ce a duwatsun Cairngorm da Ben Nevis, sai ya ce to matsalata ruwa ce kafin sanyi. A wurare irin Rjukan na ƙasar Norwe sanyin yana sauka ƙasa sosai amma a bushe yake. A Sikotland kuwa ma'aunin zafi yakan yi ta yawo kusa da sifiri, ƙanƙara na narkewa tana sake daskarewa, ga iska mai ƙarfi. A kan tsaunin Cairngorm ne aka auna iskar da ta kai mil 173 a sa'a a watan Maris na 1986. A irin wannan yanayi kowace safa sai ta jiƙe, komai tsadarta, shi ya sa takardar ta ce uku.

Ukun nan kuma aikinsu daban-daban ne, a nan mutane suke ruɗewa su sayi iri ɗaya sau uku. Ta farko siririya ce ta tafiyar ƙafa, ita ce ta gwanjon nan. Ta biyu ita ce ta hawa, mai matsakaicin kauri, tafinta na fata, yatsunta a ɗan lanƙwashe tun daga ɗinki, da ɗan soso a bayan gaɓoɓi saboda in ka sari ƙanƙara da gatari bayan hannunka yakan bugi bangon. Ta uku ita ce babba mai kauri, ko dai mai yatsu ko kuma mai aljihu ɗaya da ke haɗa yatsu huɗu wuri guda, ana sa ta idan an tsaya ana sakar wa abokin hawa igiya. Mai aljihu ɗaya ta fi ɗumi nesa ba kusa ba, don yatsun suna ɗumama juna. Dalilin rabuwar shi ne kauri da iya aiki ba sa haɗuwa. Safar da za ta riƙe maka ɗumi kana tsaye minti arba'in ba za ta bar ka ka ɗaura ƙulli ba, wadda za ta bar ka ka ɗaura ƙulli kuma ba za ta tsare ka a tsaye ba.

Daga nan ya kwaso mini na hawa kala-kala, na kamfanonin Black Diamond da Rab da Mountain Equipment da Hestra, ya ajiye gatari da guntuwar igiya da ƙugiyar ƙarfe mai ƙofa da ƙusar ƙanƙara mai murɗi a kan tebur. A nan ne ainihin cinikin yake. Kowace ka sa, ka fara duba ƙarshen yatsu. Ya kamata yatsanka ya taɓa ƙarshe ba tare da ya tokare ba. In akwai saura ko da rabin santimita ne, wannan lafcen fatar shi ne ƙofar ƙugiya za ta cije lokacin da kake rataye da hannu ɗaya kana son sa igiya. In kuma ta matse, jini ba zai zagaya ba, yatsu su yi sanyi fiye da in babu safar. Sai ka dunƙule hannu ka ji ko bayan ya ja, ka duba kwarin da ke tsakanin babban yatsa da manuni ya zauna har ƙasa. Sannan ka ɗaura ƙulli mai siffar takwas ka kwance, ka sa igiya cikin ƙugiya da hannun dama, ka sake da na hagu, ka murza hannun ƙusar da yatsu biyu, ka zuge zif ɗin rigarka. Ka ɗaga gatarin sama da kanka ka riƙe kamar minti ɗaya. Safa mai kaurin tafi tana sa ka damƙe ƙotar da ƙarfi fiye da kima, damtse ya gaji da wuri, jinin yatsu ya ragu. Daga cikin waɗanda na gwada, wadda ta fi tsada ta faɗi a gwajin ƙugiya saboda tsawon babban yatsanta, wata mai matsakaicin kuɗi ta zauna kamar don ni aka yanka ta.

Akwai gwaji guda da ma'aikacin ya nace a kai, wanda ban taɓa ganin an rubuta a jikin kwali ba. Ya ce in cire safar da sauri in duba cikinta. A wasu, shafin ciki ba a manne yake da na waje ba, saboda haka in hannu ya yi gumi sai ya janyo yatsun ciki su juyo. Mayar da su a ɗaki ma aiki ne, balle a kan dutse cikin iska da hannu a sandare. Ka tsunkuli ƙarshen yatsan daga ciki ka ja. In ya biyo ka, ajiye ta. Ka kuma duba wuyan safar. Mai dogon wuya tana hawa kan hannun riga, don haka in hannuwanka suna sama ruwan da ke gangarowa daga gatari yana wucewa ta waje. Amma in hannuwa suna ƙasa ana ruwan sama, abin da ya zubo daga riga cikinta yake shiga. Mai gajeren wuya tana shiga ƙarƙashin hannun riga, ba ta da nauyi, sai dai ruwa na iya bi ya kai maka har gwiwar hannu. Na ɗauki gajeren wuya a ta hawa, ina ganin dogo ya fi dacewa da ta tsayuwa. Ka tafi shagon sanye da rigar da za ka hau da ita don ka ga yadda suke haɗuwa.

Batun fata yana da muhimmanci gare mu ta wata fuska. Mafi yawan safar hawa masu kyau da fatar akuya ake yin tafinsu, don tana da laushi da ƙarfi a lokaci guda, abin da majemanmu suka daɗe da sani tun zamanin da fatar jar akuyar Sakkwato take ƙetare Sahara ana sayar da ita a Turai da sunan fatar Maroko. Amma wasu safar aiki masu araha da mahaya ke so, irin wasu na kamfanin Kinco na Amurka, da fatar alade ake yin su. Ka karanta takardar da ke ɗinke a ciki, in ba a rubuta ba ka tambaya. Da ido ma ana ganewa, don fatar alade tana da ƙananan huji uku-uku a jere kusa da juna a duk faɗinta.

A kan kuɗi, safar hawa mai kyau na same ta tsakanin fam 60 zuwa 100, manyan na tsayuwa masu Gore-Tex (robar ciki mai tare ruwa) da shafin ɗumi na PrimaLoft kuma a lokacin suna haura fam 100 da yawa. Kafin a buga kuɗi ka nuna katin ɗalibi ko shaidar ƙungiyarka, don shaguna da yawa suna yin rangwame amma ba sa tunatar da kai. Ka tambayi ƙa'idar mayar da kaya, saboda abin da aka saya a cikin shago doka ba ta tilasta musu karɓa don kawai ka sauya ra'ayi, kowane shago da tsarinsa. Kada ka yanke takardar da ke rataye a jiki, ka adana rasit, ka sa safar a ɗaki na tsawon sa'a guda kana 'yan aikace-aikace. Matsin da ba ka ji a minti biyar ba zai fito a nan. Wanda ya je ziyara kuma kada ya sa ran a mayar masa da harajin kaya a filin jirgi, an soke wannan tsari a Ingila da Sikotland da Wales tun farkon 2021. A ranar ta hawa kaɗai na saya, na bar babbar sai na ƙara tambaya.

Ƙaramin shagon da na shiga a Aviemore, garin da ke gindin Cairngorm, shi ya rage mini kashe kuɗi. A irin waɗannan shaguna masu jagorantar mahaya ne ke shiga da fita, kuma abin da suke saye ake ajiyewa. Matar da ke wurin ta nuna mini abu biyu. Na farko Showa Temres 282, safar roba ce da wani kamfanin Japan ya yi don masunta da masu aiki a ɗakin sanyi, tana da shafi mai laushi a ciki, ruwa ba ya ratsa ta, kuɗinta bai kai rabin na safar hawa ba. Tana zuwa da ƙaramin yanka, don haka akan ɗauki lamba ɗaya sama. Rauninta shi ne ba ta jure gogar igiya, kuma haƙorin ƙarfe na huda ta. Na biyu Dachstein, mai aljihu ɗaya ta dafaffen ulu daga Ostiriya, tsohon yayi, ba ta da kyan gani, amma ko ta jiƙe tana riƙe ɗumi, dusar ƙanƙara ma takan daskare a bayanta ta tare iska. Da waɗannan biyun na cike, na haɗa da ɗan gwangwanin kakin shafa wa fata. In ka shiga shagon kayan ma'aikata neman mai araha, duba alamar EN 511 a bayan safar. Lambobi uku ne a ƙarƙashinta: biyun farko daga 0 zuwa 4 suna nuna jure sanyin iska da na taɓa abu mai sanyi, ta ƙarshe 1 ce in ruwa ba ya shiga, 0 in yana shiga.

A kan dutsen, a kwarin Coire an t-Sneachda, tafiyar kusan sa'a guda daga wurin ajiye motoci, tsarin sauyawar shi ne rabin aikin. Ka yi tafiyar da siririyar, don jiki na zafi kuma hannu na gumi. A gindin hawa ka cire ta, ka goge hannu ya bushe sarai, ka sa ta hawa. Da ka isa wurin tsayuwa ka ɗaure kanka, sai ka cire ta hawan ka tura ta cikin riga a kan ƙirji, ka sa babbar. Safar da aka bari a waje ko a jaka daskarewa take ta zama kamar busasshen ƙirgi, ba ta sake shiga hannu. Kada ka taɓa ajiye safa a ƙasa, iska za ta ɗauke ta kafin ka juyo, shi ya sa ake ɗaura wa babbar 'yar igiya a wuyan hannu. Kada kuma ka taɓa ƙarfe da jiƙaƙƙen hannu tsirara. Mai alwala ya yi ta tun a masauki in zai iya riƙewa, in kuwa ya yi a hanya to ya tsane hannunsa ƙwarai kafin ya zura.

Akwai wani zafi da kowane mahayi ya sani, wanda ke zuwa idan jini ya dawo yatsu bayan sun daɗe a sama cikin sanyi. Yana da tsanani har wani ya ji tashin zuciya, amma cikin 'yan mintuna yake wucewa, kuma alama ce jini ya dawo. Ana rage shi da sauke hannu ƙasa ana kaɗawa a tsakiyar hawa, da sassauta damƙar gatari, da ɗumama ƙirji da cin abinci, don jiki in ya ji sanyi yatsu yake fara janye wa jini. Abin tsoro shi ne yatsan da ya daina jin komai, ya yi tauri. Littattafansu suna cewa a duba fatar da ta yi fari, amma a fatarmu launin ba ya fitowa haka, sai dai ta yi toka-toka ko ta dusashe, don haka ka dogara da taɓawa da ji. In ya faru kada a murza, kada a kanga a wuta. A sa hannun a hammata a sauka, a jiƙa shi a ruwa mai ɗumin digiri 37 zuwa 39 idan an tabbata ba zai sake daskarewa ba, a nufi asibiti. Mai sikila kuwa ya ga likitansa tun kafin ya sa sunansa a tafiyar, saboda sanyi yana tayar da ciwon kuma babu safar da za ta hana.

Da an dawo masauki a buɗe bakin kowace safa, a cusa takardar jarida, a ajiye nesa kaɗan da na'urar ɗumama ɗaki. In aka ɗora ta kai tsaye fatar tana ƙeƙashewa ta tsage, gam ɗin ciki ya saki. Idan ta kusa bushewa a shafa kakin da yatsa, a bi layin ɗinki sosai, a bar shi ya kwana. Wurin da ke fara mutuwa shi ne tsakanin babban yatsa da manuni, saboda igiya, don haka in za a sauko ta igiya a sa tsohuwar safa. Baduku a Bauchi yana iya ɗora wa wurin facin fatar akuya mai kyau, sai dai ka gaya masa allurar ta tsaya a fatar waje, kada ta huda robar ciki. In za ka ajiye su a gida har wata shekara, ka shafa kaki, ka sa su a jakar yadi maimakon leda don kada su yi fumfuna da damina, kuma kada a bar su a akwatin ƙarfe ƙarƙashin kwano a watan Afrilu, zafin yana lalata robar.